Kwanon Gwaggo Rifkatu da Na Saya Sau Biyu

Duk wanda ya taɓa bi ta bayan kasuwar kifi ta Wara ranar Asabar da la'asar ya san igiyar shanyar Gwaggo Rifkatu. Matan unguwa zane da kallabi suke shanyawa, ita kuwa kuɗi. Za ta zauna a kujerarta 'yar tsugunno da robar ruwan kumfa a gabanta, ta kwance lalita, ta zaɓi takardun da za ta saka a baikon coci washegari, ta wanke su ɗaya bayan ɗaya a hankali, ta maƙale su a igiya. In sun sha iska sai ta zuba garwashi a dutsen guga ta goge su har su miƙe. Kaza ma ba ta isa ta gifta wurin ba.

In ka tambaye ta dalili, amsarta ɗaya ce. "Ni mai bandar kihi ta, kowa ya san ni da ƙarni. Amma Ubangiji mi yay yi man da zan tura mai ƙarni ranar Lahadi?"

Shekarar da aka fito da hamsin ta leda, ba wanda ya tuna ya gargaɗe ta. Ta ɗora mata dutsen guga, ta ɗaga, sai ga abu ya ƙanƙance ya nannaɗe kamar ganda. Ta juya shi, ta sake juyawa, ta yi tsaki. Washegari haka nan ta jefa shi a kwandon baiko. Da aka tashi sujada ma'ajin ikkilisiya ya biyo ta da abin a tafin hannunsa, ya ce, "Inna, wannan fa ba inda za a karɓe ta."

Ta ce, "Wurin hidimar Ubangiji tac ci wuta. Kai ka taɓa cin wuta wurin hidima tai? Aje ta."

Fasto ne ya ce tunda shekara ta zagayo da rasuwarta in rubuta wani abu a karanta wa zumuntar mata, kuma ya roƙe ni kada in sa kowa kuka. Na ce zan gwada. Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ne Ishaya, ɗan ƙanenta. Ina da shekara huɗu iyayena suka rasu, ita ta ɗauke ni, ita ta yi mini makaranta da kuɗin tarwaɗa har na samu aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma a Yelwa. Daga ranar da na kama aiki ta sa mini suna Akawu, kuma yadda take jan sunan kowa ya san ba yabo ba ne.

Rigimata da ita ɗaya ce, kuma mun shekara takwas muna yin ta: ɗakinta. Kun san shi, ɗakin jinkar nan da ya karkace yana kallon tafki. Da damina kwanoni shida take jerawa a ciki, kowane da wurinsa, ga gadon da ake ja daga kusurwa zuwa kusurwa gwargwadon inda iska ta kaɗo. Ga hayaƙin banda da ta sha shekara da shekaru, ga danshi, duk damina sai tari ya kama ta. Mutane kuwa ba su bar ni ba. Ina sauka daga babur nake jin ana cewa, "Ga ɗanta nan mai albashi, uwar kuwa da laima take kwana." Maganar tana ci mini rai, amma tarin ya fi ba ni tsoro. Na yi wa kaina alkawari Gwaggo ba za ta mutu a ƙarƙashin wannan jinkar ba.

Kada wani ya zaci talauci ne. Cinikin da take yi ranar kasuwa ɗaya ya kan kai rabin albashina. Kuma in ana maganar riƙo, ban ga na biyunta ba. Tsinken ashana ɗaya da reza take tsaga shi biyu. Silifas ɗinta sun sha ɗinkin waya har wayar ta fi robar yawa. Alhaji Mamman, dillalin kifin nan na Yelwa da suka shekara talatin suna ciniki, ya taɓa rantse mini cewa ta sa jirginsa ya tashi ya bar shi a bakin ruwa saboda naira ashirin, kuma daga ƙarshe shi ya biya ashirin ɗin. Shi ya sa wasu suka ɗauka tana da tukunya a binne. Babu tukunya ko ɗaya. Abin da ta ƙwato a hannun Alhaji ranar kasuwa, kafin kwana uku ya zama maganin wani, ko komar wani, ko kuɗin jarrabawar 'yar wata.

Karon farko wauta na yi, na kai mata tsabar kuɗi. Na ce ga shi a sayi kwano da katako, zan turo kafinta. Ta karɓa da fara'a har ta sa mini albarka, na koma Yelwa ina jin kaina mutum. Bayan wata guda na dawo, jinka tana nan yadda na bar ta, sai dai an ƙara mata wani tsohon buhu a gefe.

Na ce, "Gwaggo, ina kwano?"

Ta nuna tafki da haɓa. "Ga shi can shina yawo."

Na duba, ba abin da na gani sai wani kwalekwale da sabon katako a cikinsa, fari tas. Ashe jirgin wani masunci maƙwabcinta ne ya fashe, ga 'ya'ya bakwai.

Na ce, "Ai ba don shi na kawo ba. Da kin ajiye har kafinta ya zo."

Ta ce, "Akawu, kuɗɗi ɗanyen kihi na. Ka ci naka, ka ba maƙwabci nashi. Ka aje shi, shi yi maka wari cikin ɗaki."

Na ce a raina yau na kama ta. "To ke ba banda kike yi ba? Ba don a ajiye kifi ake banda ba?"

"Banda don shi kai ga mai ci aka yin ta, ba don shi zauna wurina ba. Ka taɓa ganin na rungume kwali na kwana da shi? Tashi ka ɗauko man itace, ilimin boko ya sa ka gardama."

Matata Lami ce ta kawo shawara ta biyu. Ta ce matsalar Gwaggo a ka take, tana ganin jin daɗi zunubi ne, don haka a kai ta inda za ta ji wa'azin zamani. Lokacin wani baƙon mai wa'azi ya zo Yelwa daga nesa, ya kafa rumfuna a fili, ga lasifika ga janareta. Muka lallaɓa ta da cewa asibiti za mu, muka biya da ita bayan an duba tarin.

Mutumin ya sha farar kwat, takalminsa kuwa tsininsa zai iya huda ƙwarya. Ya yi wa'azi mai daɗi, har da cewa Allah ba ya son 'ya'yansa su kwana a ɗaki mai yoyo. Lami ta mintsine ni. Sai ya zo ƙarshe, ya ce mai ba da dubu hamsin ya fito, kafin shekara zai yi gida. Mai dubu ashirin, mota. Mai dubu goma, aure ko ƙarin girma. Muna zaune sai muka ga Gwaggo ta gyara ɗaurin zane ta miƙe, ta nufi gaba tana kwance lalita. Lami ta riƙe hannuna, ta ce, "Ka gani? Ya shige ta."

Mai wa'azi ya ga tsohuwa da lalita, ya yi murna, ya kai mata makirfo har baki.

Ta ce, "Malam, sannu da aiki. Ta ɗari biyat hwa, mi aka samu?"

Ya yi murmushi ya ce, "Mama, ki ƙara bangaskiya."

"To ɗari bakwai. Ko keke babu?"

"Mama, ba haka ake yi ba."

"Dubu guda, iyakata ke nan. Sallama man, ka sa man gyara."

Fili ya fara motsi, mutane suna toshe baki da gefen mayafi. Mutumin ya ɗaure fuska ya ce da ƙarfi, "Mama, ba a ciniki da Allah."

Ta ce, "Madalla. Ni ma haka anka koya man. Na dai ga ka kasa kaya kashi-kashi, nac ce ko an canza ban ji ba." Ta ɗaure lalitarta ta dawo ta zauna a tsakaninmu, ta tambayi Lami ko da saura ko za a tashi.

Ni dai ƙasa nake roƙo ta tsage in shige, don shugaban sashenmu yana layin gaba, kuma ya riga ya fita a sahun masu mota. A hanyar tasha ba wanda ya yi magana sai ita. Ta ce, "Uban da nis sani ba shi da rumhwa kasuwa. Ruwan tabkin ga nawa kab biya? In Ya ba ka, riƙo Yab ba ka, Shi ga hannun da za ka bi da shi." Sannan ta sa ni na saya mata rake, ta tsaya ta rage wa mai raken naira goma.

Daga nan na yi hankali, ko kuma na zaci na yi. Na ce ba kuɗi kuma. Na je da kaina na sayi kwano bandir biyu a kan dubu talatin da biyu, na samu jan fenti na rubuta ISHAYA ɓaro-ɓaro a jikin kowane bandir, na sa a mota har ƙofar gidanta. Na ce mata da bakina, "Gwaggo, na ba ki. Bayan godiyar kaka kafinta zai zo." Abin da ban lissafa ba shi ne godiyar kakar kanta.

Kun san yadda muke yi. Ranar Lahadin godiya kowane gida zai shigo da rawa, ɗauke da mafi kyawun abin da ya samu a shekara: damin dawa, buhun shinkafa, albasa, zakara, wani har akuya. In an tashi sujada a fito da su gindin mangwaro a yi gwanjo, mutum ya sayi kabewar ɗari biyu a kan dubu yana dariya, don kuɗin na aikin ikkilisiya ne. Na zo ranar da sabon kaftani, na zauna kusa da taga inda za a gan ni. Aka kira layin zumuntar mata, aka buga tulu da kacau-kacau, sai na ji wata ƙara a bakin ƙofa wadda ba ta cikin kiɗan. Na waiga. Amalanke ne, mata huɗu suna turawa, Gwaggo a gaba tana juyi da kafaɗa kamar amarya. A kan amalanken ga sunana da jan fenti, sau biyu.

Na tare ta a waje bayan an tashi. "Gwaggo, kwanona ne fa."

"Ka ba ni ko ba ka ba ni ba?"

"Na ba ki, amma..."

"To nawa na. An ce kowa shi kawo abin da yah hi kyau cikin abin da yas samu bana. Ni bana ban samu abin da yak kai wanga ba. So kaka yi in kai ma Ubangiji warangi in ɓoye kwano?"

Warangi, in akwai baƙo a cikinmu, su ne ƙananan kifin nan da ake aunawa da mudu.

Ba yadda na iya, sai in sayi abina. Dattijo Yohanna ne mai gwanjo a shekarar, da 'yar ƙararrawarsa. Da aka zo kan kwano ya kalle ni, ya kalli sama, ya ce a taya. Na ce dubu goma. Wallahi mutanen Wara kun yi mini kara, don ba wanda ya buɗe baki. Kowa ya ga sunan, kowa ya san labarin. Dattijo Yohanna ya ce dubu goma sau ɗaya, dubu goma sau biyu, ya ɗaga ƙararrawa.

Sai murya daga bayana ta ce, "Sha biyat."

Ban ma buƙaci waigawa ba. Na ce ashirin.

"Ashirin da biyat."

Na juya na ce, "Gwaggo, da me za ki biya?"

Ta ce, "In ya hwaɗa kaina kai za ka biya. Wa gare ni in ba kai ba?"

Jama'a suka kwashe da dariya, har Fasto ya juya baya yana goge ido da hankici. Na ga in na yi shiru kwanon zai faɗa hannunta, in biya, kuma ta sake kyautar da shi. In na yi magana ta ƙara. Na ce talatin, ta ce da biyat. Na ce talatin da takwas, ta ce arba'in, tana gyara ɗankwali kamar mai shanu a ruga. Na ce arba'in da biyu, na zuba wa Dattijo Yohanna ido irin na mai neman ceto. Allah ya saka masa, bai ƙirga ko ɗaya ba ya kaɗa ƙararrawa.

Gwaggo ta rangaɗa guɗa. "Ɗana na! Ni nar rene shi!" Mata suka zagaye ni da rawa, ni kuwa gumi ya jiƙa sabon kaftani. Da ta matso kusa ta raɗa mini, "Yohanna ya yi gaggawa. Da mun kai hamsin."

Ranar ban bar kwanon ya sake kwana a Wara ba. Na ɗauki shatar mota na kai shi shagon Alhaji Mamman a Yelwa, na ce ya riƙe mini amana, ko Gwaggo ta zo da takardar kotu kada ya ba ta. Da na ba shi labari ya yi dariya har hularsa ta faɗi cikin kwandon kifi. Ya ce, "Shekara talatin tana yi man haka, yau ka ɗanɗana."

Da rani na ɓullo ta wata hanya, kuma a nan zan faɗi laifina a gaban ikkilisiya: ƙarya na yi mata. Na ce ɗaki nake so in gina a filin da ke gefen nata, don ni da Lami mu riƙa sauka in mun zo Kirsimeti. Ta ce wannan magana ce ta hankali, ta kuma naɗa kanta mai duba aiki ba tare da an roƙe ta ba. Birkila ya ga ta kansa. Buhun siminti in ya ƙare sai ta juya shi ta karkaɗe a kan faranti. Ƙusar da kafinta ya lanƙwasa ya jefar, ita za ta tsince ta miƙe da dutse ta mayar masa. Yashi ma ta ce mai tifa ya cika tsada, ta sa aka riƙa kawowa da jaki. Birkilan ya same ni a gefe ya ce, "Yallaɓai, na yi aiki da injiniyoyi, ban taɓa jin tsoron kowa haka ba." Ginin da na yi wa tanadin wata biyar, a wata uku ya tashi, har da ragowar bulo.

Aka buga kwanon nan mai sunana, aka yi silin, aka shafa shuɗin fenti. Kafin ruwan farko na tara Lami da maƙwabta biyu, na fito da makulli na ce, "Gwaggo, ɗakin nan naki ne. Tun farko naki ne."

Na zaci za ta yi faɗa ta huce. Ba ta yi faɗa ba. Ta kalli ɗakin, ta kalle ni, ta ce, "Ashe ƙarya kay yi man." Sannan ta ce, "Wanda nika ciki ya ishe ni. Saura kwana nawa? Gidana na can ana shirya man, ba da bulo ba." Ta fizgi makullin ta soke a lalita. Da na dawo bayan mako biyu na tarar da kwalayen kifi jere a sabon ɗaki har silin. Tarwaɗa tana kwana a ƙarƙashin kwano, Gwaggo tana jera kwanoninta shida.

A nan ne haƙurina ya ƙare, kuma na faɗi abin da ban taɓa zaton zan faɗa wa matar da ta goya ni ba. Na ce, "Gwaggo, wannan ba tsoron Allah ba ne, girman kai ne. Kin fi son a ce Rifkatu ta bayar da a ce an ba Rifkatu. Kowa a garin nan ya isa ya ci albarkacinki, ni kaɗai ne ban isa ki ci nawa ba." Ta ci gaba da juya kifi a kan waya. Na hau babur na tafi.

Wata uku ban taka Wara ba. Ina fushi, kuma ina jin kunyar fushin. Duk ranar da hadari ya haɗu in ina ofis sai aikin ya tsaya mini, in zauna ina jin ruwa a kan rufin sakatariya ina tunanin ta wace kusurwa aka ja gadon yau. Lami ta ce in je, na ce ba inda za ni. Taurin kan ai ba a ƙasa na tsince shi ba.

Wata Litinin bayan Sallah sai ga Alhaji Mamman a ofishinmu, ya zauna ba a ba shi kujera ba. Ya ce ko na san duk Sallah Gwaggo takan zaɓi giwan ruwa mafi girma ta banda masa kyauta, shi kuma duk Kirsimeti ya aika mata shinkafa? Na ce na sani.

Ya ce, "To bana ta kawo man har bakin jirgi, gaban mutane, an naɗe shi cikin sabuwar takarda. Nac ce ba ni amsa."

Na ce, "Alhaji, ka ƙi?"

"Na ƙi. Tac ce don mi? Nac ce wanda nika da shi ya ishe ni, saura kwana nawa? Ta tsaya riƙe da kihi awa wadda anka watsa ma ruwan sanyi. Tac ce, Mamman, ni za ka yi ma haka? Nac ce wurinki na koya." Ya gyara zama yana jin daɗin kansa. "Wanzami ba ya son jarfa, Akawu. Ni dai na yi asarar giwan ruwa saboda kai. Tashi ka tahi, nemanka taka yi, bakinta na ba ya iya hwaɗi."

Washegari da hantsi na isa. Tun daga nesa na ga kwalayen kifi a waje an rufe su da tamfol. An share ƙofar sabon ɗaki, an yayyafa ruwa. Gwaggo tana zaune a dokin ƙofar a kan ƙullin kayanta, ƙofa kuwa a kulle. Ta rame, tarin ya sauka ƙirji. Maƙwabciyarta ta ce mini kwana uku ke nan kullum haka take fitowa ta zauna, an ce ta shiga ta ƙi.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta zaro makulli ta miƙo mini.

"Amshi. Sake ba ni."

Na ce, "Gwaggo, ai yana hannunki."

"Waccan rana ba amsa niy yi ba, ƙwacewa niy yi nib ba kihi. Sake ba ni."

Na karɓa, na miƙa mata. Sai ta dafa bango ta tashi da ƙyar, ta tara hannu biyu, ta rusuna. Tsohuwar da ta yi mini wanka, ta rusuna mini. Na ce ta bari don Allah, ta ce in yi mata shiru. Ta karɓi makullin ta ce, "Na gode. Allah Shi yi maka albarka."

Ta koma ta zauna tana haki, ta ce, "Kihi guda anka maido man, Akawu, guda tak, kwana ukku tuwo bai wuce man ba. Kai ko shekara takwas ina maido maka. Duk duniya babu abin da nah hi jin daɗi nai awa in miƙa a amsa, kuma shi na nih hana ka. Shekara hamsin ina tara hannu wohi wurin jibin Ubangiji ana sa man gurasa, ban taɓa biyan ko kwabo ba, amma ban koyi komi ba sai da Mamman ya koya man bakin jirgi. Ka yahe man."

Ni da na zo da niyyar neman gafara, sai ga shi ni ake roƙo. Kuka na yi sosai, a gaban maƙwabta, da kaftanin ofis. Ta bar ni na ɗan yi, sannan ta ce, "To ya isa. Ɗauki gadon, ka bi a hankali kar ka kankare man henti."

Kada ku zaci ta sauya hali. Tun ruwan farko da ya same ta a ciki ta aiko a gaya mini kwanon ya cika surutu, mutum ba ya jin addu'ar kansa. Ta ce tagar ta yi girma, an yi ɓarnar katako. Ta ce wa ya ce in sa shuɗi, fari ya fi araha. Amma ku da kuke unguwar kun gani: ba mai wucewa ta ƙofar ba ta kira shi ba. Masunta, masu tallan fura, har ma'aikacin rigakafi da ya zo aikinsa, sai ta ja shi ciki ta nuna masa silin ta ce, "Duba, ko ɗigo. Ɗana yag gina man." Alhaji Mamman kuwa ta kai masa giwan ruwansa, ta tsaya a kansa sai da ya karɓa da hannu biyu.

Mako bakwai ta yi a ɗakin. Ranar da ta cika, da safe ne, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ina zaune a gefen gadon riƙe da hannunta. Gadon yana tsakiyar ɗaki inda muka ajiye shi tun ranar farko, ba a taɓa jan shi ba. Bargonta a bushe yake.

Ya Ubangiji, ga Gwaggo nan ta iso wurinka, Ka fi mu sanin halinta. Abin da Ka shirya mata Ka miƙa mata, in ta ce ya yi yawa Ka yi haƙuri da ita, a ƙarshe takan karɓa. Ka ba ta hutawa, Ka warkar mata da ƙirjin nan. Mu da ta bari, Ka sake mana hannu in muna da shi, Ka tausasa mana zuciya in an miƙo mana. Cikin sunan Yesu, amin.